Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Inna ta karɓi mabuɗin sito

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗinsa a banki amma ba shi da naira ɗari a hannu da zai saya wa yara koko. Mun ɗauka daga ita an gama, ashe da sauran tafiya a gaba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 muna zaune a tsakar gidanmu na unguwar Mabera a Sakkwato, rediyo na kunne, aka rantsar da Shugaba Tinubu, ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Ni ban ji nauyin maganar ba, ina ta tsinkar zogale. Malam, maigidana, ne ya ajiye kofin da ke hannunsa ya yi salati. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Malam koyarwa yake yi, kullum sai ya hau mashin daga Mabera zuwa can hanyar Wamakko, albashi kuma yana nan inda yake. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, aka rufe iyakar Illela, kuma duk ɗan Sakkwato ya san abin da hanyar Illela zuwa Birnin Konni take wa kasuwarmu. Ni ɗinki nake yi a gida. Masu kawo sabon yadi suka ɗauke ƙafa, sai masu gyara: a rage, a saki, a yi faci.

Cikin wannan hali Inna, mahaifiyar Malam, ta zo daga ƙauyensu na wajen Wurno neman maganin ido. Malam ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "mai gidan naku". Gabana ya faɗi da na ji za ta daɗe, domin baki ya ƙaru a lokacin da tukunya ke raguwa. Allah ya yafe mini wannan tunani.

Mako guda ta yi tana kallona ba ta ce komai ba. Al'adar gidanmu a lokacin, Malam zai ajiye kuɗin cefane da safe, ni kuma in yi ta aiken yara shagon bakin lungu: ƙullin man gyaɗa, ƙullin sukari, ƙullin omo, rabin kwanon shinkafa. Ranar Juma'a bayan la'asar ta kira ni, ta ɗaga gefen tabarmarta. Ledojin ƙulli ne da nake yarwa, duk ta tsince ta tara.

"Ɗiyata, taho ki ƙidaya min wanga abu."

Na ƙirga, arba'in da uku. Sai ta kwance haɓar zaninta, ta fitar da kuɗin kwalbar man gyaɗa ɗaya cif, ta ba babban ɗana ta ce ya sayo ƙulli da su duka. Da ya dawo ta sa na wanke tsohuwar kwalba, muka riƙa huda ƙullin ɗaya bayan ɗaya muna tsiyayewa, tana matse kowace leda da yatsu biyu har ɗigon ƙarshe. Man ko kafaɗar kwalbar bai kai ba. Ta ɗaga ta saitin rana ta ce, "Kin gani? Ba tsada kaɗai ka cin ku ba, awon kullum shi ka cinye gida."

Ban ga laifin mai shago ba, har yau. Shi ma leda yake saye, ya zauna ya ƙulla, kuma shi ke ba mu bashi ranar da babu. Amma wannan ratar da ke tsakanin man da wuyan kwalba kullum nake biyan ta, a mai, a sukari, a omo, ban taɓa ganin ta da idona ba sai ranar.

Na ce, "Inna, ai mai kuɗi ke sayen kwalba da buhu. Mu ina muka ga dunƙule?"

Ta ce, "Gida nawa ne cikin lungun ga?"

Daga nan adashin hatsi ya samo asali. Gida biyar ne, kowace Juma'a kowane gida zai zuba naira 3,000, amma babu kwasa, a wurin Inna ake tarawa har kaka. Namu zubin daga wurare uku ya fito. Shayi da burodi na safe suka koma koko da ɗumamen tuwo. Na daina ƙulli, na koma kwalba da kwano sau ɗaya a mako. Malam kuma ya yi magana da wani abokin aikinsa da ke Minanata, suka riƙa tafiya a mashin ɗaya, yau na wannan gobe na wancan. Ranar da aka fara zubi Malam ya zare mabuɗin sito daga cikin makullansa ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ya yi mini zafi a ranar, ba zan ɓoye ba, domin shekara goma sha ɗaya ina gidan ban taɓa tunanin wata za ta auna mini abin da zan girka ba.

A watan Nuwamba, da sabon hatsi ya cika kasuwa, ƙanen Malam ya je Achida ya sayo mana gero da dawa da wake. A tsakar gidanmu aka raba, kwano ɗaya, hannu ɗaya, Inna ke awo mata na riƙe da bakin buhu. Geron muka jera a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi. Waken ne ya ci aiki. Kwana uku yana shanye a rana, Inna na ɗaukar ƙwaya ta ciza, sai da ta ji ta ce ƙas ta yarda ya bushe. Muka wanke jarkokin mai muka kife su suka bushe sarai, muka ɗura waken muna girgizawa har ya cika maƙil, aka shimfiɗa leda a baki kafin a murɗa murfi. Ƙwaron wake da iska yake rayuwa, idan babu ita shi da ƙwansa mutuwa suke yi, don haka ba mu zuba ko ɗigon maganin ƙwari ba. Jarkar ƙarshe sai bayan wata bakwai na buɗe ta, babu huda ko ɗaya.

Da sanyi ya shigo tumatir da tattasai na fadama suka yi araha. Nakan je Kasuwar Daji dab da magariba, lokacin da mai kaya ya gwammace ya rage farashi da ya kwana da su, in sayi kwando. Mu yanka, mu shanya a kan rufi, mu lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙurar hunturu da ƙuda. Kauɗar nan ita ta riƙe miyarmu har damina, lokacin da ɗanyen tumatir ya zama sai kallo. Gawayi ma Inna ba ta bari ya cinye kansa, da an sauke tukunya za ta rufe garwashin da yashi, gobe a tone a sake hurawa.

Duk waɗannan ba su ba ni wuya ba kamar anko. A watan Disamba aka sa bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata, aka fitar da atamfa, kuɗinta ya kai zubin adashina na wata guda da ɗoriya. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. A danginmu wadda ba ta yi anko ba, ko dai tana gaba da masu biki ko mijinta ya gaza, kuma ba na son a faɗi ko ɗaya a kaina. A ƙarshe na je wurin Gwaggo, uwar amarya, tun kafin biki, na durƙusa na ce, "Gwaggo, ba ni da halin anko bana, amma kayan amarya kala uku ni zan ɗinka, ba sisi." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah ya yi albarka. Ranar wuni na sa tsohon leshina. Na ji abin da aka faɗa a bayana, wata ma a gabana ta faɗa, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska na dawo na ci gaba da rabon abinci. Abin da ya ba ni mamaki, a bikin da ya biyo baya mu huɗu ne ba mu yi anko ba.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris 2024, cikin zafin Sakkwato da kowa ya sani. Kwana biyu bayan haka aka sanar da buɗe iyakar Nijar, amma farashin hatsi ya riga ya yi nisa da inda muka saye shi a Achida. A gidajen nan biyar babu wanda ya rasa kunun buɗa baki, har muna miƙa wa masallacin lungu. Bayan Sallah idon Inna ya yi sauƙi, ta shirya komawa. Da asubar ranar tafiyarta ta kira ni cikin sito, ta nuna mini zanen gawayi da take yi a jikin buhun gero duk Juma'a, ta sa mini mabuɗin a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kansa.

Juma'a biyu bayan tafiyarta na lura geron yana sauka fiye da awon da nake yi. Na zargi ɓera, na zargi yara, har na fara zargin hannuna. Sai wata asuba na ji motsi, na leƙa ta taga, na ga Malam a bakin sito da wani mabuɗi da ban san da shi ba, yana auna kwano biyu cikin leda. Ya ɗaure ta a bayan mashin, ya tura shi har bakin lungu kafin ya tayar. Ban ce masa komai ba ranar. Inda geron nan yake zuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.