Liwa'i da sandar Malam

Laraba, bayan isha'i.

Yau 'yar autata ta tare ni da tambaya tun ban gama shan koko ba. A Islamiyya an karanta musu hadisin da Annabi (SAW) ya ce ranar alƙiyama Liwa'ul Hamdi yana hannunsa. "Baba, mene ne liwa'i?" Na ce tuta. Ta ce ai malama ta ce da Larabci tuta raya ce. Sai na yi abin da iyaye suka saba yi idan an ƙure su, na ce ta yi sauri kada ta makara.

Abin ya yi ta cina a rai har a shago. Ana idar da la'asar na biya zauren Malam, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe yadda muka yi. Ya yi dariya har da tari.

"Wato yarinya ta ƙure ka."

"Allah gafarta Malam, ta ƙure ni sarai."

Bai buɗe littafi ba. Sandarsa ya jawo, ya zaro hankici daga aljihu, ya ƙulla a kanta, ya shiga naɗe shi a hankali da yatsunsa masu rawa. Ya ce wannan da nake yi Balarabe lawa yake ce masa, wato ya murɗa, ya naɗe, kuma daga nan kalmar ta fito. Liwa'i ƙyalle ne da ake ƙullawa a kan mashi a naɗe shi. Sai ya warware hankicin ya kaɗa sandar, ya ce raya kuwa sakinta ake yi iska ta yi wasa da ita. Akwai malaman da suka ce duk abu ɗaya ne, amma shi bambancin ya fi kwanta masa, don an ruwaito daga Ibn Abbas cewa rayar Annabi baƙa ce, liwa'insa fari.

Daga nan hira ta yi nisa. Tun kafin Musulunci, riƙon liwa'in Ƙuraishawa gadon gidan Abduddar ne. Mus'ab bin Umair ɗan gidan ne, shi ya riƙe na Musulmi a Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Aka sare masa hannun dama ya mayar hagu, aka sare hagun ya rungume shi a ƙirji. Tun ina yaro nake jin wannan ƙissa, amma ban taɓa jinta ina kallon ƙyalle a kan sanda ba. Zauren ya yi tsit.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tafiyar da kalmar ta yi. A Daular Usmaniyya ta Turkawa gunduma sanjak ake ce mata, wato tuta da Turkanci, Larabawan daular kuma suka kira ta liwa. Har yau a sojan Masar da Sudan liwa muƙamin janar ne. Ƙyalle ya zama ƙasa, ya zama mutum. Na ce Malam, ashe mu ma haka muka yi. Bayan 1804 wanda Shehu Usmanu ya ba tuta shi ya zama mai ƙasa: Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama da har yau ake kiran jiha da sunansa. Malam ya ce to ka gani, ka zo da tambaya ka koma da taka amsar. Ni dai na san yabon ƙarfafa gwiwa ne.

Da na dawo gida na ɗauki muciya da ɗankwalin uwargida, na yi wa yarinyar yadda Malam ya yi mini. Ta gane nan take, ta karɓe tana zagaya tsakar gida. Uwargida ta leƙo daga madafa ta ce ruwan tuwo ya tafasa, a kawo mata muciyarta.