Abin da na koya a bakin aiki game da gini da masu buƙata ta musamman

Duk mai aikin zanen gini a Najeriya ya san yadda ake yi da gangaren keken guragu. Sai an gama gini an yi fenti, sannan wani ya tuna, a kira birkila ya liƙa ɗan tudun siminti a gefen matakala, a tsaye ƙyam, a kuma shimfiɗa masa tayil mai santsi. Mai ƙafa biyu ma sai ya dafa bango.

Karatun wannan fanni a bakin aiki na neme shi. Na fara da rubuce-rubucen Ronald Mace, masanin zanen gini ɗan Amurka da shan inna ya kama tun yana yaro, ya yi rayuwarsa a kan keke. Cibiyar da ya kafa a jami'ar jihar Karolina ta Arewa ta fitar da ƙa'idoji bakwai a 1997, suna nan a intanet kyauta. Tushensu guda ne: a tsara abu tun farko yadda gurgu da makaho da tsohuwa da mai ciki duk za su shiga ta ƙofa ɗaya. Daga nan sai yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, da dokarmu ta gida da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a 2024. Ita dokar nake ajiyewa a waya, don ita nake nuna wa mai gini in ya fara kukan kuɗi.

Littattafan ƙa'idar gini sun ba ni lissafi. Kowane santimita ɗaya na tudu yana son santimita 12 na tsawon gangare. Mu kuwa muna ɗaga harsashi saboda ruwan damina, to ginin da aka ɗaga santimita 60 yana buƙatar gangaren mita 7.2, kuma ba a samun wannan fili sai an ware shi tun a takarda. Wurin juya keke kuma mita ɗaya da rabi.

Sai dai duk wannan awo da keken asibiti aka yi shi. Guragu da yawa a Kano da Kaduna keke mai taya uku suke hawa, wanda ake tuƙawa da hannu, irin wanda 'yan uwansu masu walda ke ƙerawa. Dogo ne, ba ya juyawa a mita ɗaya da rabi, ƙofofi da yawa ma ba ya shiga. A waje ake barinsa, mutum ya sauka ya shiga da rarrafe. Wannan ya sauya mini kallon gini gaba ɗaya, domin abin da wani ke takawa da takalmi shi wani ke dafawa da tafin hannu: daɓen siminti da ranar Afrilu ta gasa, da ruwan da ke kwance a banɗaki. Haka tagar yankar kati a asibiti, wadda na ƙasa ba ya ganin ma'aikacin da ke ciki, da famfon alwala da aka kafa don mai tsugunawa kaɗai. Babu littafin da na taras da wannan a ciki, a wurin zamansu na ji.

Makafi ma haka. Na karanta labarin tayil mai ƙuraje da aka fara shimfiɗawa a Okayama ta Japan a 1967 don nuna wa makaho hanya, abin sha'awa ne. Amma da na tambayi masu riƙe sanda, abin da suka fara ambata shi ne lambatu a buɗe, sai taga mai buɗewa waje da akwatin na'urar sanyaya ɗaki da ke rataye daidai goshi, waɗanda sanda ba ta taɓa su sai kai ya riga ta.

Yanzu kafin zane ya fita daga hannuna ina kai shi reshen JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, ko wurin Sarkin Guragu da Sarkin Makafi inda ake da su, in karanta musu ɗaki bayan ɗaki. Ina kuma sa kuɗin zaman a cikin kasafin aikin, a layi ɗaya da na injiniyan da ya gwada ƙasa.