Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Likitan da Ya Fara da Tambayar Bayana

Makon jiya na tsaya a daren da na ga bayan gidana ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta. Da asuba uwargida ta tsare ƙofa ta ce, "Maigida, yau ba shago. Jiƙon kanwa da madarar nan sun isa haka."

Shekara 6 ina kiran ciwon cikin nan olsa, alhali babu wanda ya taɓa duba cikina. Yaron kemis ɗin layinmu a Tudun Wada ne ya raɗa masa suna, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

Yayana ma'aikacin jinya ne. Ya ce baƙin bayan gida alamar jini ce daga saman ciki, kuma likitan ciki zan nema, wanda bayan ya gama karatun likita ya ƙara shekaru a kan ciki, hanji da hanta. Saboda gudun layi na fara zuwa wani asibitin kuɗi a cikin gari. Kafin in gyara zama an rubuta mini magani kala 5. Yaya ya duba takardar ya ce, "Tashi mu tafi Shika."

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, mun sha jira, ba zan ɓoye ba. Amma da muka shiga, likitan ya ajiye biro ya tambayi sana'ata. Na ce tela ne a Kasuwar Barci.

"To Malam, idan ɗinkin sallah ya taso, baya ya riƙe, me kake sha?"

Na zaro katin diclofenac daga aljihu. Biyu nake haɗiya, sau da yawa cikina wayam, in koma kan keke. Ya ce irinsa da ibuprofen suna raunana rigar da ke kare tumbi daga ruwansa mai tsami, har gyambo ya fito. Ɗaya mai laifin kuma ƙwayar cuta ce, H. pylori, wadda wasu likitocin Ostiraliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Wai Marshall da kansa ya kurɓi ƙwayar don a yarda da shi. Na ce a raina, wannan ya fi ni ganganci.

Ya hana ni diclofenac nan take, ya tura ni gwajin jini, ya ce gobe za a zura mini siririn bututu mai kyamara ta baki a ga gyambon ido da ido, a ɗan tsinko nama a nemi ƙwayar. Daga tsakar dare kada in ci komai.

Da na ji "ta baki" sai na kalli ƙofa. Yaya ya dafa gwiwata.

A gidan wani ɗan'uwa a Samaru muka kwana, ni dai ban runtsa ba. Abin da kyamarar ta gano, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.