Kiribi, Garin Da Kogi Ke Faɗawa Teku Daga Kan Dutse

Mu mutanen Arewacin Kamaru mun fi sanin sunan Kiribi ta dalilin bututun man Chadi, wanda ya taso daga yankin Doba, ya ratsa Adamawa, ya ci kilomita 1,070 kafin ya ƙare a gaɓar Atlantika, kuma tun 2003 mai ke bi ta cikinsa. Mutanen Yawunde da Duwala kuwa, wurin shan iska suka ɗauke shi. Na je da iyalina cikin watan Janairu, lokacin da ruwan sama ke ɗaga ƙafa a kudu. Jirgin ƙasa na dare muka hau daga Ngaundere, gari ya waye mana a Yawunde, daga nan muka shiga bas ta hanyar Edeya.

Garin bai da girma, acaɓa ya ishe ka zagaya shi. Kogin Kienke ya raba shi biyu, kuma a bakinsa ne tarihin ya taru: hasumiyar haska wa jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, da tsohuwar majami'ar da 'yan mishan ɗinsu suka bari. Ka duba, ka ɗauki hoto, ka wuce.

Inda ya kamata mutum ya zauna shi ne wurin sauke kifi na Mboa Manga. Wani mai tsire Bakatsine da na haɗu da shi bayan sallar la'asar ne ya ce mini, "Malam, in kifi ya kawo ka, kada ka ci a otal. Ka sauka inda masunta ke juye komarsu." Gaskiyarsa. Kwale-kwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya, samari na tsalle cikin ruwa suna jan su zuwa tudu, mata 'yan sari sun yi cirko-cirko da robobi. Kai za ka zaɓi kifinka da hannunka, ka ɗaga kunnensa ka ga jajir yake, idonsa garau, ka taya, a yi albarka, ka ƙara, a sallama. Sannan ka miƙa wa masu gashi da ke gefe. Wadda ta gasa mana ta tsattsaga kifin, ta cusa masa niƙaƙƙen kayan ƙamshi da tafarnuwa, tana fifita gawayi da guntun kwali, ta kawo shi da soyayyar agade da bobolo, wato rogon da ake jiƙawa a naɗe a ganye a dafa. Bobolo sai a hankali ga wanda ya saba da tuwo, tsaminsa bai yi wa yarana ba, amma jatan landen da suka biyo baya ko ƙaya ba su bari ba. Kuɗin kifi daban, ladan gashi daban, a daidaita duka biyun kafin kifi ya hau wuta. Ga Musulmi ma abin ya zo da sauƙi, tunda kifi bai buƙatar yanka. Sai dai rumfunan bakin ruwa da yawa na sayar da giya, mai iyali ya duba kafin ya zaunar da su.

Kimanin kilomita 7 kudu da gari ne kogin Lobe ke gangarowa ta kan baƙaƙen duwatsu ya zuba kai tsaye cikin teku. Ba tsayi ne da shi ba, faɗi ne, ruwan ya rarrabu gida-gida, kuma tun daga nesa kake jin rugugi. Masu kwale-kwale za su yi maka caa tun kafin ka sauka daga acaɓa. Ka tsaya wa mutum ɗaya, ku yanke kuɗi da inda zai kai ku, ka ce lallai sai da rigar ruwa ga kowane yaro. Idan ya matsa da ku gindin ruwan, feshi zai jiƙa ku sharkaf, waya ta kwana a leda. Sama da duwatsun akwai wani hawan kwale-kwalen cikin daji, inda ake kai baƙi sansanin mutanen Bagyeli, wata ƙabila ta mafarauta mazauna daji. Wannan ban so shi ba. A jera mutane a gaban bukkokinsu baƙo na ɗaukar su hoto, kuɗin kuma akasari a aljihun ɗan rakiya, ba ziyara ba ce.

Wanda ya koyi iyo a Binuwai kada ya ɗauka ya iya teku. Igiyar na zare rairayi daga ƙarƙashin ƙafarka tana ja baya, kuma a yawancin gaɓar ba mai tsaro. Na tsayar da yara inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma inda na ga 'yan gari ba sa shiga, mu ma ba mu shiga ba.

Asabar da Lahadi da ƙarshen Disamba otal-otal kan cika, kuɗin ɗaki ya hau, don haka tsakiyar mako ya fi. Mai son shiru ya nufi Londji, ƙauyen masunta a arewa da gari, inda ruwan ya fi kwanciya, ko Ebodje a kan hanyar Kampo, inda kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai. Wanda ya zo cikin watan Mayu zai tarar da bikin Mayi na 'yan Batanga, ƙabilar da ke zaune a gaɓar tekun nan, masu tunawa da dawowarsu gida a 1916 bayan hijirar da yaƙin duniya na farko ya sa su.

Garin na sauyawa da sauri. Tun da babbar tashar jiragen ruwa ta Mboro, mai nisan kilomita 35 a kudu, ta fara aiki a 2018, tireloli suka cika hanyar Edeya, filayen bakin ruwa suka yi tsada, katanga na tashi inda da masunta ke shanya koma. Saboda tirelolin nan, a ɗauki bas na safe, a isa da rana tsaka.