Yadda Itacen Turare Ya Canza Ƙasar Gonata a Argungu

Shekara tara ke nan da na dasa itacen turare a gonar da na gada kusa da Argungu, gona ce mai fuska biyu: samanta jigawa ce mai rairayi, ƙasanta kuma tana gangarawa zuwa fadamar Gulbin Kebbi, inda muke noman shinkafa. Niyyata ita ce in tare iskar hunturu da ke kwashe ƙasa, in kuma samu sandunan da magina ke saye don tokare rufin kankare. Ranar dashen kawuna ya ce mini, "Ɗana, wannan itacen ba ya zama da maƙwabci." Na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

A jigawa, turaren ya yi abin da na nema. Rairayin ya daina tafiya, kuma bishiyoyin sun miƙe da saurin da gawo ko kirya ba za su yi ba. Sai a damina ta biyar na lura cewa idan an yi ruwan farko, ba ya shiga ƙasar da ke gindinsu. Yana taruwa ne ya gangara, yana yankan ƙananan kwararo. Na ɗiga ruwa a busasshiyar ƙasar wurin, sai ya tsaya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza. Na yanke gindin gwangwani biyu, na kafa ɗaya a ƙarƙashin turare, ɗaya a ƙarƙashin gawon da ke tsakiyar gona, na zuba musu ruwa daidai wa daida. Na gawo ya tsotse tun ina tsaye, na turare kuwa sai da na gaji da jira.

Wani malamin gona ne ya warware mini dalilin. Ganyen turare yana da mai da wani abu mai kama da kakin zuma, shi ya sa yake daɗewa bai ruɓe ba, kuma abin da ke fita daga gare shi yana lulluɓe ƙwayoyin rairayi har su riƙa ƙin ruwa idan sun bushe. Ciyawa ma ba ta son wurin, alhali saiwarta da ruɓaɓɓen ganye da aikin gara da tana su ne ke haɗa ƙasa ta zama curi-curi mai ƙofofin da ruwa da iska ke bi. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa ne da damina, ganyen ya ruɓe nan da nan ya zama taki.

Amma in an bi gaskiya, rabin laifin nawa ne. Na bar yara suna share ganyen da ɓawon don hura wuta, na kuma bar shanu suna kwana a inuwar, suka tattake wurin har ya zama fako. Wato na kwashe ɗan abin da itacen ke mayar wa ƙasa, sannan na daddale ta.

Kuskure mafi girma shi ne layin da na dasa a bakin fadama. Irin da aka fi dasawa a Arewa asalinsa daga Ostireliya yake, kuma a can a bakin koguna yake fitowa, don haka gwanin neman ruwa ne. Saiwoyinsa sun kutsa cikin laka nesa da inuwarsa, lakar ta riƙa bushewa da wuri tana tsattsagewa, shinkafar da ke kusa kuma ta tsumbure.

Na sare wannan layin, kuma da yake kututturen turare yana sake tohowa, sai da na tone su ɗaya bayan ɗaya. A jigawa na haƙa rami mai zurfin kamu biyu tsakanin bishiyoyin da gero don yanke saiwa, na hana shara da kwanan shanu, na sassaƙe fakon na zuba takin gida. Damina biyu ke nan, kuma bana na fara ganin harkiya tana fitowa a wurin, ko da yake gwangwanin gindin gawo har yanzu shi ke riga shanyewa.