Kwalin takalmi cike da taurarin gobe

A shekarar 2009 na zo jihar Maryland karatu, na kuma samu aikin dare a wani wurin ajiye motoci a gefen birnin Washinton. Abokin aikina wani dattijo ne ɗan asalin garin, wanda rediyonsa kullum tana kan tashar besbol. Ni da na tashi a Zariya da ƙwallon ƙafa, wannan wasa nasu ban ga kansa ba balle gindinsa. Yau da gobe sai na fara ganewa: mutum ɗaya na jifa, ɗaya na riƙe da kulki yana neman maka wa ƙwallon, in ya kasa sau uku an fitar da shi.

A lokacin dattijon ba shi da zance sai na wani yaro mai suna Stephen Strasburg. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na babbar lig suna zaɓar matasa daga sakandare da jami'o'i bi da bi, kuma a wancan zamanin wadda ta fi shan kashi ita ke fara ɗauka. Ƙungiyar garinmu, Nationals, ta sha kashi fiye da sau 100 a 2008, haka ma a 2009, don haka shekara biyu a jere ita ke zaɓen farko. Ta ɗauki Strasburg a kan dala miliyan 15.1, kuɗin da ba a taɓa ba wani sabon ɗauka ba kafin shi.

Daren 8 ga Yuni 2010 ya fara wasa a babbar lig, da ƙungiyar Pirates. Muna cikin ɗan akurkin ɗakin karɓar kuɗi, ni da dattijon, rediyo a tsakaninmu. Yaron nan yana jifa da gudun kusan kilomita 160 a awa. Mutum 14 ya fitar ba tare da sun iya taɓuka komai ba, bakwai na ƙarshe a jere. Dattijo ya miƙe yana ta buga teburi har wata mata da ta zo ɗaukar motarta ta tsorata. Washegari na shiga kasuwar da ta ci mini kuɗi shekara da shekaru.

Kasuwar kati ce. Kamfanoni irin su Bowman suna buga hoton matasan 'yan wasa a ɗan kati tun kafin su kai ko'ina, wasu har da sa hannun yaron. Mutane na saye su ajiye, in yaro ya zama tauraro kati ya yi tsada. Tun kafin wasansa na farko an sayar da wani katin Strasburg guda ɗaya tak a kan fiye da dala 16,000. Ni ba ni da wannan ƙarfin, amma na kwashi abin da na tara na wata biyu na sayi ƙananan katunansa masu sa hannu. Lissafina mai sauƙi ne, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ba a cika wata uku ba jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Wasa 12 kacal ya yi. Aka yi masa aikin da suke kira Tommy John, sunan ɗan wasan da aka fara yi wa shi a 1974: ana ciro jijiya daga wani sashen jiki a maye gurbin wadda ta lalace, mutum ya yi shekara ko fiye yana jinya. Farashin katunana ya rikito. Na tambayi dattijon, na ce, “Baba, yaya haka?” Ya ce hannun ɗan Adam ba a halicce shi don irin wannan jifan ba, kuma duk mai jifa da ƙarfi jikinsa na bin sa bashi ne. A ranar na fara gane cewa abin da ya sa ake zuzuta mai jifa, wato ƙarfin hannunsa, shi ne dai abin da ke kai shi asibiti.

Da na ji jiki da na daina. Sai dai kuskurena na biyu ya fi wannan ciwo, kuma har yau in na tuna shi sai na yi tsaki. A cikin fakitocin da nake saye akwai katunan wani yaro ɗan New Jersey, Mike Trout, wanda a zaɓen 2009 ɗin nan sai a lamba ta 25 aka ɗauke shi. Yankinsu akwai sanyi, lokacin wasan makarantu gajere ne, masu farautar 'yan wasa ba su gan shi sosai ba. Ya shigo babbar lig a 2011 yana ɗan shekara 19, ya yi wasa 40, bugunsa bai taka kara ya karya ba. Na ce wannan ma wani ne, na sayar da nawa a kan kuɗin da bai wuce na cefanen mako ba. Shekara ta zagayo ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, daga baya ya zama gwarzon lig sau uku, 2014 da 2016 da 2019. A 2020 aka sayar da wani katinsa na musamman a kan dala miliyan 3.9. Nawa ba irin wannan ba ne, kada mai karatu ya ɗauka na yi asarar miliyoyi, amma da sun biya mini kuɗin makaranta na zango guda.

Wasa 40 na duba na yanke wa yaro ɗan shekara 19 hukunci, a wasan da ake buga 162 a kaka ɗaya, wanda kuma gwani a cikinsa shi ne mai dacewa da dukan ƙwallon sau uku cikin goma.

Daga nan na zama mai “ilimi”. Na riƙa karanta jerin matasa 100 da mujallu ke fitarwa kowace shekara, ina bin sakamakon ƙananan lig har tsakar dare. A can ne ainihin sirrin yake. A ƙwallon ƙafa yaro mai shekara 17 na iya shiga babbar ƙungiya kai tsaye, amma a besbol sai ya hau matakala huɗu ko fiye, yana yawo a bas daga ƙaramin gari zuwa ƙaramin gari, sau da yawa shekara uku zuwa biyar. A kowane mataki abokan hamayya suna nazarin rauninsa. In sun gano ba ya iya dukan ƙwallon da ke lanƙwasa, to ita za su yi ta jefa masa har sai ya gyara ko ya koma gida. Mai farauta yana iya auna gudu da ƙarfi da agogo, amma ba shi da ma'aunin yadda yaro zai yi ranar da baiwarsa ta daina isarsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da wannan ilimin nawa na zuba kuɗi a kan Mark Appel, wanda ƙungiyar Astros ta ɗauka a lamba ta farko a 2013. Ya gama jami'ar Stanford, natsattse ne, kowa na cewa ya riga ya nuna, ba zai jima a ƙasa ba. Na tsallake Kris Bryant da aka ɗauka a lamba ta biyu, wanda a 2016 ya zama gwarzon lig ya kuma taimaka wa Cubs ta ci kofin da ta yi shekara 108 tana nema. Appel kuwa ya yi ta fama da rauni da rashin dacewa a ƙananan lig, a farkon 2018 ya ajiye wasan yana ɗan shekara 26.

Lokacin na yi aure. Wata rana uwargida tana shara ta jawo kwalin takalmin da nake tara katunan daga ƙarƙashin gado. Ta ce, “Maigida, wai wannan ba caca ba ce?” Na yi ta kawo hujja cewa saye da sayarwa ne, kaya ne a hannu. Ta ce to kayan da ba mai saye fa? Ban ba ta amsa ba.

Ba na cikin masu cewa masu farautar nan ba su san aikinsu ba. Bryce Harper yana ɗan shekara 16 mujallar Sports Illustrated ta sa shi a bangonta, kuma ya zama gwarzon lig sau biyu. Ken Griffey Jr. da Chipper Jones duk zaɓen farko ne, duk sun shiga zauren gwarzaye, inda ake karrama manyan taurarin besbol. Cikin zaɓaɓɓun farko, waɗanda suka gama ba su taɓa taka babbar lig ba ƙalilan ne, irin su Steve Chilcott na 1966 da Brien Taylor na 1991, wanda ya lalata kafaɗarsa a wurin faɗa. Matsalata ita ce duk lokacin da sunan yaro ya iso kunnena, ya riga ya iso kunnen kowa, kuma farashin katinsa na wanda ya riga ya zama Griffey ne. In ya zama ɗan wasa mai kyau kawai, na faɗi. Mike Piazza da aka ɗauka a lamba ta 1,390 a 1988, ko Albert Pujols a lamba ta 402 a 1999, duk sun zama manyan taurari daga baya, amma a lokacin ba wanda ya buga musu ganga, ni ma da ba zan saye su ba.

Strasburg shi ne ya fi rikita ni. A 2019 ya ci wasa biyar ba faɗuwa a wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, Nationals ta ɗauki kofinta na farko, shi ne gwarzon gasar. Na fita titi na yi ihu da mutanen da ban sani ba. Aka ba shi kwantiragin dala miliyan 245, bayan haka wasa takwas kawai jikinsa ya bar shi ya yi, ya yi ritaya a 2024. Har yau a wurin aski ana gardama, wasu na cewa bai kai inda aka zata ba. Ni dai na kasa ce wa mutumin da ya kawo wa gari kofi bai cika alkawari ba, don ba shi ya ɗauki alkawarin ba, mu muka ɗaukar masa.

Appel ya dawo wasa a 2021. A ƙarshen Yuni 2022, yana ɗan shekara 30, Phillies ta sa shi a babbar lig karo na farko, shekara tara bayan zaɓensa. Ya jefa zagaye ɗaya, ba a ci shi ko ɗaya ba. Na ciro kwalin, na zaro katinsa guda na jingina a gaban talabijin. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, “To, ya tashi?” Na duba waya. Bai kai rabin abin da na saye shi ba. Na bar shi a wurin har ƙarshen kakar, ɗana yana ta tambayata ko ɗan'uwanmu ne.