Gangaren da na ce ba shi da haɗari

Karo na farko da na shiga jirgin ruwan bincike, aikinmu shi ne duba hanyar da za a shimfiɗa wayar intanet a ƙasan teku. Na'urar sauti ce idonmu: ta aika ƙara ƙasa, amsa-kuwwa ta dawo, kwamfuta ta zana taswira. Ni aka ba wa aikin nuna wuraren haɗari. Duk inda gangare ya yi tsayi sai in sa masa ja. Wani fili da karkatarsa ba ta wuce digiri 2 ba kuwa, ko kallo bai ishe ni ba.

Da aka ciro bututun laka daga wurin aka tsaga, shugabar tawagarmu ta ce, "Malam, sa yatsanka nan." Sama da ƙasa laka ce mai ƙarfi, amma a tsakiya akwai wani siririn shimfiɗi da yatsana ya nutse ciki ba wahala. Nan matsalar take. Idan kogi ya riƙa jibge laka da sauri, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta ba ya samun hanyar fita, sai ya zama shi ke ɗauke da nauyin. Wani lokaci iskar gas da ke ƙarƙashi ta ƙara matsin. Girgizar ƙasa na zuwa, duk abin da ke sama ya zame.

A daren nan ta ba ni labarin 1929, lokacin da girgizar ƙasa a cikin teku, kudu da Nufanlan ta Kanada, ta haddasa zaftarewar ƙasan teku da ta tsinka wayoyin tangaraho 12, igiyar ruwan da ta biyo baya ta kashe mutum 28. Na Papuwa Niu Gini a 1998 ne ya fi tsaya mini a rai, inda irin wannan igiyar ruwa ta kashe mutum sama da 2,000. A Janairun 2020 ma malalar laka daga bakin Kogin Kwango ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta yanke wayoyi biyu, intanet ya yi rauni a ƙasashen Afirka da dama.

Washegari na goge alamomina na faro daga farko. Mun karkatar da hanyar wayar daga filin nan. Yanzu ba na sa hannu a kan taswira sai na taɓa lakar wurin da yatsana.